Kundin aiki: gyara yadda mahaɗai ke bayyana a kwamfutocin ɗakin karatun jama'a

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Hajiya, shugabar ɗakin karatu, ta ba da izinin fara aikin yau. Kukan da ya fi yawa daga masu zuwa ɗakin kwamfuta, idan aka cire na rashin ƙarfin intanet, shi ne "ban ga wurin dannawa ba". Mutum zai zauna gaban shafi, abin da yake nema yana ciki, amma ya rasa kalmar da zai danna ta kai shi can, wato mahaɗi (link). Daga nan sai ya ɗaga hannu, ma'aikaci ya bar abin da yake yi ya zo ya nuna masa da yatsa. Yini guda ana kan haka.

Kwamfutocinmu kashi biyu ne. Na layin gaba suna da Windows 10, na layin baya kuwa tsofaffi ne masu Windows 7. Dukansu an daskarar da su, wato duk abin da mutum ya canja yana gogewa da zarar an kashe an kunna. Saboda haka saitin da muka zaɓa shi ne saitin kowa: ɗalibi, mai neman aiki, malamin Islamiyya, dattijon da ya zo duba maganar fansho. Babu wanda zai zauna ya daidaita burauza da idonsa kamar yadda yake yi wa wayarsa. Mu za mu yanke masa, kuma ba mu san shi ba.

Burauzar da za a yi aikin a kanta ita ce Firefox ESR, wato sigar Firefox da ake daɗewa ana tallafa mata, don ana iya kulle saitunanta da fayil guda mai suna policies.json. Layin gaba na kan ESR 128. Layin baya ya tsaya a ESR 115, domin ita ce ta ƙarshe da ke aiki a Windows 7. Chrome ma ta yi sallama da Windows 7 tun siga ta 109 a farkon 2023, don haka can baya babu wani zaɓi mai yawa.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na zauna a bayan ɗaki ina kallon yadda ake amfani da injinan, da sanin masu zaman.

Matasan da suka taso da waya ba su san cewa kibiyar linzami tana komawa siffar hannu idan ta hau kan mahaɗi ba, saboda a waya babu kibiyar. Suna danna duk abin da ya yi kama da maɓalli, har da kanun labari da ba ya kai ko'ina. Dattawa kuma akasin haka: ba sa danna komai sai sun tabbata, kuma abin da suke nema su tabbatar da shi shi ne shuɗin rubutu mai layi a ƙasa, irin wanda aka koya musu shekarun baya. Shafukan yanzu da yawa sun cire layin, wasu ma sun mai da mahaɗin ruwan toka. Wikipedia kanta ba ta nuna layin sai ka ɗora kibiya a kan kalmar.

Akwai kuma masu danna mahaɗi sau biyu, al'adar buɗe fayil a Windows. A shafin labarai ba ya cutarwa. A kan maɓallin tura fom kuwa yana iya tura abu sau biyu.

Talata, 21 ga Janairu

Yau lissafi na yi, kuma ya gamsar da ni fiye da duk wata muhawara.

Shuɗin mahaɗi ya shahara ne tun burauzar Mosaic ta 1993, kuma har yau ƙa'idar HTML, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, tana ba da shawarar launuka uku idan mai shafi bai zaɓi nasa ba: #0000EE ga mahaɗin da ba a buɗe ba, #551A8B mai ruwan shunayya ga wanda aka riga aka buɗe, sai ja a daidai lokacin da ake dannawa. Tare da su akwai layi a ƙasa. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa amfani da shafuka, waɗanda siga ta 2.2 ta fito a Oktoban 2023, sun ce kada a dogara da launi kaɗai wajen isar da saƙo. Idan mai shafi ya nace sai ya cire layin, hanyar da aka yarda da ita ita ce bambancin haske tsakanin mahaɗin da rubutun da ke kewaye da shi ya kai 3 bisa 1, sannan a ƙara wata alama idan kibiya ta hau.

Na sa lambobin a ma'auni. Shuɗin nan a kan farar takarda yana ba da kusan 9.4 bisa 1, ya wuce 4.5 da ake buƙata don karatu nesa ba kusa ba. Amma tsakaninsa da baƙin rubutu bambancin kusan 2.2 ne kawai. Ma'ana ko shuɗin asali, idan aka raba shi da layinsa, bai cika sharaɗin ba. To ina ga shuɗi mai duhu da ruwan toka da masu tsara shafuka ke ƙauna? Ga kuma fuskokin kwamfutocinmu da suka tsufa, ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a kansu kafin azahar, ga hasken taga da ke dukan layin baya da yamma. Wanda ya tsara shafin yana zaune ne gaban sabon allo a ɗaki mai labule. Bai taɓa ganin aikinsa a irin namu ba.

Shawara ta farko ke nan: layi a ƙarƙashin kowane mahaɗi, ko mai shafi ya so ko bai so ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu

A layin gaba abin bai ɗauki lokaci ba. Tun Firefox 121, wadda ta fito a Disambar 2023, akwai akwatin da ake sa wa alama a saituna don a riƙa ja wa mahaɗai layi kullum. Sunansa na ciki layout.css.always_underline_links. Na sa shi a policies.json, na kulle.

ESR 115 ta girmi wannan akwatin, don haka a layin baya sai na bi tsohuwar hanya: fayil ɗin userContent.css a cikin folda mai suna chrome (ba burauzar Chrome ba) ta bayanan mai amfani, bayan an kunna toolkit.legacyUserProfileCustomizations.stylesheets. Layi ɗaya na CSS, harshen da ke tsara kamannin shafi, ya isa. Da na ga wannan hanyar ta fi ba da damar sarrafa kauri da launin layin, sai na sa fayil ɗin a duka injinan don su zama bai ɗaya. Mai zuwa yau ya zauna gaba gobe ya zauna baya bai kamata ya ga abu biyu ba.

Abin da ya biyo baya: wasu shafukan sun yi cunkus. Jerin sunayen sassa da ke saman shafi duk sun sami layi, wasu maɓallai ma da a zahiri mahaɗai ne aka yi musu ado sun fito da layi a tsakiyarsu. Abokin aikina ya ce abin ya yi muni. Gaskiya ne, bai yi kyau ba. Amma ba gasar ado muke yi ba, kuma layin bai taɓa yin ƙarya ba: duk inda ya fito, ana iya dannawa.

Inda bai taimaka ba shi ne shafukan da ke yin "mahaɗi" da JavaScript, harshen da ke sa shafi ya amsa dannawa, a kan rubutun da ba mahaɗi ba ne a tsarin HTML. Burauza ba ta san da su ba, balle ta ja musu layi. Wasu shafukan cike fom na hukumomi haka suke. Wannan ya fi ƙarfinmu.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Wani malamin makarantar allo da ke zuwa karanta littattafan fiƙihu ya kira ni.

"Malam, zo ka gani. Wannan layin naku ya cinye mini ɗigo."

"Wane ɗigo, Allah ya gafarta malam?"

Ya nuna mini. A rubutun Larabci layin yana bi ta daidai inda ɗigon harafin ba da na harafin ya suke zama, haka ma wasalin ƙasa. Idan layi ya rufe su, kalmar da ba a saba da ita ba sai ta rikice, musamman sunayen mutane da na littattafai, waɗanda su ne aka fi mayarwa mahaɗai. A ajami abin ya fi tsanani, don ɗigon imala da ke ba da sautin "e" a rubutun Warshu shi ma a ƙasan harafi yake. A boko wannan matsalar ba ta tasowa sosai: lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ duk a sama suke, kuma burauza tana tsallake jelar g da y da j idan tana jan layi.

Maganin yana cikin CSS ɗin. Akwai text-underline-offset, wanda ke sauke layin ƙasa kaɗan. Na sa wa shafukan da ke tafiya daga dama zuwa hagu, da duk rubutun da aka yi wa alamar harshen Larabci, tazara mai yawa, na kuma sa wa sauran 'yar kaɗan. Malam ya sake dubawa ya ce yanzu ɗigo ya sami wurin zama. Sai dai shafin da ya cusa Larabci cikin rubutun boko ba tare da alamar harshe ba, gyaran ba ya kama shi, domin burauza ba ta da hanyar ganewa. Na ƙara tazarar gama-gari kaɗan saboda irin waɗannan.

Da an yi wannan aikin a ɗakin karatun da ba a karanta Larabci, da wuya a lura da wannan. A nan kuwa masu karatun addini suna cikin waɗanda suka fi daɗewa a kan kujera.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Gwajin tilasta launuka. Firefox tana da zaɓin yin watsi da launukan shafi gaba ɗaya ta sa naka. Na kunna shi a inji ɗaya. Mahaɗai sun fito fes, amma maɓallan da aka bambanta da kore da ja suka zama iri guda, teburan da ke nuna sakamako da launi suka rasa ma'anarsu. An kashe. Wanda idonsa ke buƙatar haka yana da hanya a Windows: Alt na hagu da Shift na hagu da Print Screen tare suna kunna yanayin launi mai tsananin bambanci, kuma Firefox tana bin sa. Na rubuta wannan, da Ctrl da alamar tarawa don ƙara girman rubutu, a kati na liƙa a gefen kowane allo.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya shigo, ɗaki yana cika da safe ya watse bayan la'asar. Na sami sararin shiga batun da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: launin mahaɗin da aka riga aka buɗe.

Amfaninsa a fili yake. Mai neman aiki da ke bin jerin guraben aiki masu kama da juna yana buƙatar sanin wanda ya duba da wanda bai duba ba. Idan babu alama sai ya yi ta zagaye wuri ɗaya, lokacinsa na kan inji yana ƙarewa. Amma a kwamfutar jama'a wannan launin sawu ne a kan rairayi: wanda ya zauna bayanka yana ganin inda ka taka. Mutum ya bincika wata cuta, ko hukuncin saki, ko yadda ake kai ƙarar mai gidan haya, sai maƙwabcinsa ya zauna ya yi bincike mai kama da haka ya tarar da shunayya. A gari irin namu da kowa ya san kowa, kuma rajistar shiga tana kan tebur a buɗe, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Masu ƙera burauza sun daɗe da sanin haɗarin, ta wata fuskar. Kafin 2010 shafi yana iya jera dubban mahaɗai a ɓoye ya tambayi burauza launin kowanne, da haka ya gano inda ka taɓa zuwa. Shi ya sa aka taƙaita abin da za a iya canjawa a mahaɗin da aka ziyarta zuwa launuka kawai, aka kuma sa burauza ta riƙa ba shafi amsar ƙarya idan ya tambaya. Wannan ya kare mutum daga shafin. Bai kare shi daga wanda zai gaje kujerarsa ba.

Hanyoyi uku ne a gabanmu. A kashe launin gaba ɗaya da layout.css.visited_links_enabled. A sa burauza ta riƙa buɗewa a yanayin sirri kullum, inda ba a adana tarihi, launin ma ba ya fitowa. Ko a bar tarihi yana aiki a cikin zama ɗaya, a goge shi idan an rufe burauza. Biyun farko sun fi tsaro, amma suna ƙwace wa mai bincike abin da yake buƙata. Na zaɓi ta uku, da dokar SanitizeOnShutdown a policies.json.

Rauninta ɗaya ne, kuma babba: mutane ba sa rufe burauza idan sun tashi. Daskarewar injin ba ta yin komai sai an kashe shi, wanda sau da yawa sai an tashi aiki, ko an ɗauke wuta. Don haka na yi ɗan gajeren umarni na ajiye a fuskar kwamfuta da babban tambari mai rubutu "NA GAMA", yana rufe burauzar ya sake buɗe ta wankakkiya. Mai kula da rajista kuma ba zai ba sabon mutum kujera ba sai ya ga shafin farko na ɗakin karatu a kan allo. Hajiya ta amince a sa wannan a cikin ƙa'idar aiki.

Sai maganar ganin launin kansa. Bambancin haske tsakanin shuɗin asali da shunayyar bai kai 1.2 bisa 1 ba, a tsofaffin allunanmu kusan abu ɗaya ne. Canja launin rubutun da ƙarfi zai ɓata shafuka masu baƙin bango. Amma launin layin ƙasa yana cikin abubuwan da aka yarda a canja, don haka na bar rubutu yadda yake, na mai da layin mahaɗin da aka buɗe ruwan lemo mai duhu. Yana fitowa a fari, yana fitowa a baƙi.

Litinin, 17 ga Maris

Mahaɗan da ke buɗewa a sabon tab, wato wani shafi daban a cikin burauzar, suna rikita sababbin shiga. Mutum ya danna, shafi ya canja, ya nemi komawa baya ya tarar kibiyar baya ta mutu, sai ya ɗauka aikinsa ya ɓace. Na gwada mai da browser.link.open_newwindow zuwa 1 a injina biyu, don komai ya buɗe a wuri ɗaya. Ga karatu ya yi daidai. Ga cike fom bai yi ba: shafukan da ke buɗe takardar shaida ko wurin biyan kuɗi a gefe sai su hau kan fom ɗin da ake cikewa, idan an dawo wani lokaci babu abin da aka rubuta. Asarar fom ta fi ruɗewar tab zafi. An mayar da shi 3 yadda yake, aka ƙara layi a katin gefen allo: idan kibiyar baya ta ƙi, duba sama.

Na kuma ƙara wa zoben da ke kewaye mahaɗi kauri idan ana tafiya da maɓallin Tab, saboda wani bawan Allah mai rawar hannu da linzami ke ba shi wahala. Kibiyar linzamin ma na ƙara mata girma a duk injinan.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga hutun sallah. Yanzu ganin mahaɗi ya yi sauƙi, saura sanin inda zai kai ka. A ganina wannan ya fi na farko muhimmanci, don mun sauƙaƙa dannawa ga mutanen da 'yan damfara ke farauta. Lokacin jarrabawa da lokacin ɗaukar ma'aikata shafukan bogi suna yawa, kuma yawancinsu ta WhatsApp ake turo su, mutum ya kwafo a takarda ya zo ya buga a nan.

Abubuwa uku na taɓa. Ɗan rubutun da ke fitowa a kusurwar ƙasa idan kibiya ta hau mahaɗi ƙanƙane ne ƙwarai, na ƙara masa girma ta userChrome.css, fayil ɗin da ke sarrafa kamannin burauzar kanta. Na kashe browser.urlbar.trimURLs don adireshi ya fito cikakke. Na kunna network.IDN_show_punycode, domin akwai haruffan Rashanci da na Girkanci da ba a bambanta su da na boko da ido, kuma a 2017 an nuna yadda za a yi adireshin da ke kama da na kamfanin Apple sak da irin waɗannan haruffa. Da wannan saitin irin wannan adireshin zai fito da xn-- a gabansa, abin da zai sa mutum ya tsaya.

Saiti dai iyakarsa ke nan, sauran sai koyarwa. Abin da muke nuna wa mutane shi ne su wuce https:// su nemi sanda mai karkata ta farko, su karanta abin da ya zo kafinta, ta ɓangaren hagu. Idan ya ƙare da gov.ng, na gwamnati ne, don NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Nijeriya, ce ke kula da rabon wannan sunan, ba a sayensa a kasuwa. Adireshin JAMB jamb.gov.ng ne. Idan aka ga waɗannan kalmomin a farko amma wani suna ya biyo baya ya ƙare da .com ko .xyz kafin sandar, to gidan wani ne. Baƙinmu daga Nijar kuma gouv.ne suke dubawa. Muna kuma gaya musu kwaɗon da ke gefen adireshi ba shaidar gaskiya ba ne, yana nufin hanyar a rufe take daga masu leƙe, ko da ɓarawo ne a ɗaya ƙarshen. Chrome ma ta cire hoton kwaɗon a 2023 saboda yadda ake yi masa wannan fahimtar.

Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, ni da nake fama da tabarau, ni zan karanta wannan tururuwar?" Na ce, "Baba, kalma biyu ta ƙarshe kawai." Ya gwada a shafi uku, ya ci biyu, na ukun kuma gajeren mahaɗi ne irin na bit.ly da ba ya nuna komai sai an buɗe. Irin waɗannan mun ce a kira ma'aikaci kafin a sa lambar waya ko ta banki.

Talata, 6 ga Mayu

Chrome 136 ta fito da sabon tsari: mahaɗi ba zai nuna an ziyarce shi ba sai idan daga wannan shafin aka taɓa danna shi. Gyara ne mai kyau ga leƙen da shafuka ke yi, amma bai shafi matsalar kujera ɗaya mutum goma ba, don haka tsarinmu yana nan.

Ma'aikatan ɗaki sun ce kiran "zo ka nuna mini" ya ragu, kodayake ba mu ƙidaya tun farko ba, don haka ba zan sa lamba ba. Maɓallin "NA GAMA" ana danna shi idan mai rajista yana wurin, idan ya fita salla ana mantawa. Zan sa burauza ta rufe kanta idan an daɗe ba a taɓa komai ba, amma sai mun daidaita tsawon lokacin, don mai karanta dogon littafi yana iya yin minti goma bai taɓa linzami ba. Zan fara da gargaɗi a allo kafin rufewa.

Shafin kundin littattafanmu shi ma yana da mahaɗai da yawa masu cewa "danna nan" kawai. Za a sake rubuta su su faɗi abin da ke bayansu. Wannan namu ne, ba sai mun jira kowa ba.

Microsoft za ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Na kwafe policies.json da fayilolin CSS biyu a filashi na ba Hajiya, tare da takarda mai bayanin abin da kowane layi ke yi, saboda duk wanda zai sake ɗora injinan. Mako mai zuwa zan gwada fayilolin a kan Linux Mint, wata manhajar tafiyar da kwamfuta da ke iya maye gurbin Windows, a inji ɗaya na layin baya.